Shiga Makaranta Yaye Ne Na Biyu

Sabuwar shekarar karatu takan kama ne a watan Satumba, daidai lokacin da damina ke shirin ban kwana, gero ya nuna, hankalin magidanta ya koma gona. A makon farko na zangon, duk wanda ya bi ta ƙofar makarantar firamare, a Tambuwal ne ko Dogon Daji, a Jabo ne ko Sanyinna, a Kebbe ne ko Kuchi ko Girkau, abin da zai fara dukan kunnensa shi ne kukan 'yan aji ɗaya. Ga wanda ya riƙe rigar yayansa ya ƙi saki, ga wanda ya maƙale a bakin ƙofa, ga wadda ta rakuɓe a lungu ta haɗa kai da gwiwa, ba ta ce wa kowa uffan. Da yake abin na kowace shekara ne, ido ya saba da shi har an daina ɗaukarsa a bakin komai. Wani ya ce shagwaɓa ce, wani ya ce ƙiwa ce za ta wuce, wani kuma ya ɗauko tsumagiya don a kashe maganar da wuri. Ra'ayin wannan reshe na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya shi ne, kukan nan yana cikin manyan al'amuran ilimi a ƙananan hukumominmu biyu, kuma yadda aka bi da shi a makonnin farko yana da hannu wajen ko yaro zai kai aji shida ko zai tsaya a hanya.

Al'adarmu ta san zafin rabuwa, ta kuma san maganinsa. Idan yaro ya kai shekara biyu ko kusa da haka, aka tsai da ranar yaye, ba a yin abin da ka. Akan kai shi gidan kaka ko wurin goggo, a tanadi kunu da fura da duk abin da zai ɗauke masa hankali. Kaka ta goya shi, ta yi ta jijjiga shi har tsakar dare, maƙwabta su ji kuka su ce ai yaye ake yi, Allah Ya raya. Ba a taɓa jin wadda ta zane yaron da ake yayewa don ya yi kukan nono ba, domin kowa ya san an raba shi ne da abin da ya dogara da shi tun ranar da ya zo duniya. To shiga makaranta ma yaye ne, na biyu. Ɗan shekara biyar ko shida, wanda bai taɓa wuni a wajen unguwarsu ba, yau an ajiye shi cikin taron da bai sani ba, ƙarƙashin umarnin mutumin da bai taɓa gani ba. Bai san inda randa take ba, bai san inda zai kewaya ba, bai san abin da ƙararrawa ke nufi ba, kuma abin da ya fi ci masa rai, bai tabbata za a dawo a ɗauke shi ba. A yayen farko hannun kaka ake miƙa shi, a na biyu kuwa hannun baƙo. Saboda haka aikin farko da ke gaban malamin aji ɗaya, tun kafin alli ya taɓa allo, shi ne ya fita daga sahun baƙi a wurin yaron.

Abin da kakanninmu suka gane da basira, masana halayyar ɗan'adam sun zo sun bi diddiginsa da bincike, kuma wani muhimmin ɓangare na binciken a nahiyarmu aka yi shi. A shekarun 1954 da 1955, Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da likitan nan na Ingila John Bowlby, ta riƙa ziyartar gidaje a ƙauyukan da ke kewaye da Kampala ta ƙasar Yuganda, tana lura da zaman jarirai da iyayensu mata. Ta ga cewa yaron da ya tabbata uwarsa na kusa, kuma za ta amsa idan ya nema, shi ne ke sakin jiki ya rarrafa nesa yana taɓa wannan yana leƙa wancan, yana waiwayowa jefi-jefi. Wanda bai sami wannan tabbaci ba kuwa sai ya liƙe wuri ɗaya ko ya yi ta kuka. Darasin da ke ciki ga malami a fili yake. Sai hankali ya kwanta ake koyo. Yaron da idonsa ke kan ƙofa yana neman hanyar gudu, ko an maimaita masa harafi sau ɗari, ta wannan kunne zai shiga ya fita ta wancan.

Ya kamata kuma a sani cewa damuwar yaro ba kullum take fitowa da hawaye ba. Yaro ba shi da kalmomin da zai ce yana kewar gida ko yana zullumin gobe, sai jikinsa ya yi magana a madadinsa. Wani zai tashi da ciwon ciki kowace safiya, amma ranar Asabar garau. Wani da ya daɗe da barin fitsarin kwance sai ya koma. Wani ya daina cin abinci, wani ya dawo gida yana dukan ƙannensa ba gaira ba dalili, wata kuma mai surutu a gida ta zama kamar bebiya a aji. Akwai wanda zai tafi da ɗoki ranar farko saboda sabon yunifom da sabon takalmi, sai a rana ta uku, da ya gane abin na kullum ne, ya tubure. Duk waɗannan abubuwa ne da aka saba gani, kuma a wurin mafi yawan yara sukan lafa cikin 'yan makonni idan an bi su da lalama. Sai dai kada a manta lokacin sauro ne. Yaron da ya yi laƙwas, jikinsa da zafi, a fara kai shi asibiti a gwada jininsa kafin a yi maganar ƙin makaranta.

Ƙasar da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ba yau ta fara karantar da ƙananan yara ba. Mu dubi yadda ake kai yaro makarantar allo a unguwanninmu. Uba ne ke kama hannunsa ya kai shi da kansa, su gaisa da malam a gabansa, yaron ya ga cewa mahaifinsa ya san mutumin nan kuma ya amince da shi. Akan yi sadaka, a yi addu'a. Kolo ba ya zama shi kaɗai, kusa da yayansa ko ɗan maƙwabta ake zaunar da shi, shi ke biya masa. Ba a cika masa allo a ranar farko, gwargwadon abin da zai iya ɗauka ake rubuta masa. Makarantar boko ba ta da dalilin ƙin aron waɗannan hikimomi, tun da suna nan a ƙofar gidanta.

Addini ma ya riga ya nuna hanya. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, amma idan ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda tausayin uwarsa. Idan kukan yaro ya isa a taƙaita salla, ai ya isa a jinkirta darasi na minti goma. Haka nan Ibnu Khaldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali guda kan illar tsanani ga masu koyo, musamman ƙanana, inda ya nuna cewa tsanani na kashe karsashi, yana jawo kasala, yana koya wa yaro ƙarya da yaudara don ya kuɓuta daga duka. Masu kafa hujja da karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su lura da kalmar da magabata suka zaɓa. Mai tanƙwara icce a hankali yake bi, domin ya san ɗanyen reshe ma yana tsagewa.

Wani zai tambaya, me ya kai ƙungiyar ƙwadago ga ba da shafinta na farko ga kukan yara? Amsar ita ce a nan ne ƙoƙarin shekaru ke zurarewa. A birnin Sakkwato ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba, 1999. A 2004 aka yi dokar da ta mai da karatun shekara tara na farko kyauta kuma tilas. A ƙarshen 2015 gwamnatin jiha ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Duk da haka, a shekarun baya Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara kimanin miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Kowace shekara akan yi gangamin shigar da yara, hakimai da limamai su yi kira, a cika rajista da sunaye. Amma suna kawai rajista ke iya riƙewa. Duk malamin ƙauye ya san yadda abin ke faruwa. Yaro ya sha tsawa ranar Litinin, ya ƙi fita ranar Talata. Uba na da gero a gona yana neman mai kai masa abinci ko mai bin awaki, uwa na da tallan da ke jiran mai ɗauka, da ma can shawarar sa yaron ba ta zauna daram a gidan ba. Kukan safiya uku ya isa a ce a bar shi sai baɗi, baɗin da sau da yawa ba ya zuwa. 'Ya mace kuwa, idan ta zauna, da wuya a sake tada maganar.

Saboda haka kiranmu na farko ga iyaye ne. A daina mai da makaranta dodo. Uwar da ke cewa "bari a kai ka makaranta, malam zai yi maganinka" duk lokacin da yaro ya yi ƙiriniya, ta riga ta koya masa tsoron malamin tun bai gan shi ba. Kafin ranar buɗewa, uba ko wa ko kawu ya zaga da yaron ya ga makarantar, ya ga ajinsu, ya ga makewayi, in da hali ya gaisa da malaminsa ya ji sunansa. A gaya masa gaskiyar yadda ranar za ta kasance, da ma'aunin da ya sani. Ƙarfe kaza ba ta da ma'ana a wurinsa, amma ya san kiran sallar azahar. A ce masa, "Kafin a kira azahar kana gida, abincinka na jiranka," kuma a cika alkawarin. Wanda ya raka shi kada ya sulale idan yaro ya juya baya. Wannan dabara babba take sauƙaƙa wa, shi kuwa yaro abin da zai koya shi ne ko na gida ba abin yarda ba ne. A yi masa sallama a fili, a taƙaice, a tafi. Kada ya fita da yunwa, ko koko ne da ƙosai biyu ko ɗumame ya shiga cikinsa, a kuma ba shi abin da zai taɓa idan an fita tara.

Idan ya ce yana jin tsoro, kada a rufe masa baki da cewa namiji ba ya tsoro. A nuna masa an ji, a ce masa kowa ma haka ya ji a ranarsa ta farko, har yayansa da yake gani yana tafiya da tsalle. Yaron da aka ambata masa sunan abin da ke damunsa, aka ce wannan kewa ce, wannan fargaba ce, za ta wuce, ya fara samun sauƙi ke nan. Idan ya dawo kuma, inna ta ajiye abin da take yi na ɗan lokaci, ta tambaye shi wa ya zauna kusa da shi, wace waƙa aka koya musu, me ya ba shi dariya. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma tana iya wannan, kuma babu wanda ya fi ta iyawa.

Kira na biyu ga 'yan'uwa malamai ne, musamman masu riƙe da aji ɗaya da ajin share fage. Malami ya tsaya a bakin ƙofa ya tarbi kowane yaro da sunansa da sakin fuska, ya rage tsawo idan zai yi masa magana. Ranar farko ta tafi wajen zagayawa: ga ruwan sha, ga makewayi, ga yadda ake neman izini, ga abin da ake yi idan an kaɗa ƙararrawa. A haɗa kowane sabon yaro da wani ɗan aji biyar ko shida na unguwarsu, su zo tare, su koma tare, ya leƙa shi lokacin tara, kamar yadda ake yi wa kolo. A tsara yinin ya riƙa tafiya iri ɗaya kullum, gaisuwa, addu'a, waƙa, gajeren darasi, wasa, tatsuniya, domin yaron da ya san abin da ke biye hankalinsa na kwanciya. A yi masa magana da harshen da ya tashi da shi. Littattafan Mu Karanta da aka shigo da su makarantun jihohin Sakkwato da Bauchi a kan wannan tushe aka gina su. Yaron da ya ji malami ya ambaci Gizo da Ƙoƙi ya haɗu da waɗanda ya sani a wurin da bai san kowa ba.

Idan fitsari ya kuɓuce wa yaro a aji, a rufa masa asiri, a fitar da shi cikin dabara, kada a bari 'yan aji su yi masa ele. Kunyar irin wannan rana takan bi mutum har girma. Bulala kuwa ba ta da gurbi a aji ɗaya, daga hannun malami ne ko daga hannun monita. Kada kuma mai kuka ya ɗauke hankali daga mai shiru. Yaron da ya zauna tsit ba ya damun kowa, sau da yawa shi ne ake wayar gari a ga gurbinsa babu kowa.

Akwai yaran da kayansu ya fi na saura nauyi. Ɗan Fulanin da ya taso a ruga da Fulatanci baƙunci biyu yake fuskanta, na wuri da na harshe. Malami ya koyi ko gaisuwa ce da sunan ruwa da harshensa, ko ya nemo yaron da zai yi masa tafinta. Maraya da wanda aka raba da uwarsa saboda mutuwar aure sun riga sun ɗanɗani rabuwar da ba a dawowa, ba mamaki su fi kowa jin tsoron a tafi a bar su. Yaron da ake kira ba ya waiwayowa, a bincika ko kunnensa ne kafin a ce taurin kai ne. Sai kuma waɗanda rashin tsaro ya taɓa. Labarin ɗaliban Jangebe a watan Fabrairun 2021 da na Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ya shiga kowane gida a yankin nan, kuma har yau manya na hirar 'yan bindiga a gaban yara, suna zaton ba sa fahimta, alhali kuwa suna ji suna ajiyewa. A azuzuwanmu akwai yaran da aka taso da su daga ƙauyukansu cikin dare. Irin wannan yaro idan ya zabura da ƙarar babur ko bugun ƙofa, a zaunar da shi kusa da malami, kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani, kada kuma a yi masa dariya. Duk yaron da aka yi wata guda damuwarsa ba ta ragu ba, hedimasta ya zauna da iyayensa, in ta kama a nemi shawarar ma'aikatan lafiya.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa malami wannan nauyi a bar shi hannu rabbana. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, ta kuma ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya a wannan mataki, 35 a firamare. Duk wanda ya san makarantunmu ya san akwai azuzuwan da suka zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Malamin da yara suka cika masa ɗaki har bakin taga, ko yana da zuciyar kaka, hannu biyu gare shi. Don haka muke miƙa buƙatunmu ga hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na Tambuwal da Kebbe. A samar da ajin share fage a kowace makarantar firamare, da ɗakinsa da tabarminsa da kayan wasansa. A ba aji ɗaya gogaggun malamai, a daina kallonsa a matsayin wurin ajiye sabon ɗauka, a kuma ƙara yawan malamai mata da masu takardar NCE a fannin ilimin ƙananan yara. A raba ajin da ya cika. A yi rajistar sababbin ɗalibai kafin ranar buɗewa, don kada malami ya shafe ranar farko kansa a sunkuye kan littafi yara na kuka a bayansa. A gyara makewayi, a samar da ruwa. A shirya wa malaman ƙananan azuzuwa bita kan tarbar sababbin yara kafin kowace shekarar karatu. A kuma biya malami haƙƙinsa a kan kari, domin mai rarrashi ma yana buƙatar kwanciyar hankali.

Akwai kuma abin da ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata na iya zaɓo dattijuwa ɗaya ko biyu daga unguwa, waɗanda yara suka sani, su riƙa zama a aji ɗaya da safe a makonni biyun farko. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta ɗora amanar kai ilimi ƙauyuka a kan jajoji, mata masu shekaru da mutunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar 5 ga Oktoba ake bikin Ranar Malamai ta Duniya, lokacin da zangon farko ya riga ya yi 'yan makonni. Muna ba wakilan ƙungiya a kowace makaranta shawara, kafin wannan rana su zauna da malaman aji ɗaya, a buɗe rajista, a ƙirga yaran da aka rubuta da waɗanda har yanzu ke kan tabarma. Duk sunan da aka kira ba a amsa ba, a tura wanda zai je gidansu ya yi sallama, ya ji abin da ya faru, tun ɓarakar ba ta yi faɗi ba. Allah Ya raya mana yaranmu, Ya ba iyaye da malamai haƙurin riƙon wannan amana.